Duwatsu Uku a Kan Murhun Gas

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga 'yar farina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ki ɗakinki na Hotoro lafiya, Ya tsare ki daga sharrin wuta da ruwa da ƙarfe, da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Amin.

Na san za ki yi dariya. Muna gida ɗaya, tsakanin ɗakina da naki taku goma bai cika ba, amma ga ni ina rubuto miki wasiƙa kamar wadda ta tafi Makka. To, kin san yadda muke ni da ke. Ke ce 'yar fari, al'adarmu kuwa ta ce uwa ta ji kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Haka aka yi min, haka na yi miki. Shekara ashirin da ɗaya ina ce miki "ke", ke kuma kina ce min Yaya kamar wata ƙanwata. Abin da bakina ya kasa, bari in ga ko biro zai iya.

Jiya abu biyu suka faru. Da ana haɗa kayan kicin ɗinki, Goggo Mairo ta kawo miki sabuwar tukunyar ƙasa, ta ce miyar amarya ba ta daɗi sai a cikinta. Ni kuma na zare ta daga cikin kayan, na kai ɗakina, ban ce wa kowa komai ba. Kika biyo ni har bakin ƙofa kika ce, "Yaya, ko wannan ma ba za a bar min ba?" Na ga idonki ya ciko, na kuma san abin da kika ɗauka. Na biyu, da mai lalle ta kama hannunki na hagu ta ga tabon nan, ta tambaye ki, na ji kin ce mata, "Tsautsayi ne, ina ƙarama tukunya ta fashe." Haka muka gaya miki, amma ba shi ne duka labarin ba. Ba na so ki fita daga gidan nan da rabin magana, musamman da na ji an ce a gidan mijinki babu murhun itace, babu risho, sai gas kawai.

Murhun gas ya shigo gidanmu ne a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula karon farko. Lokacin muna haya a Tarauni, kina rarrafe. Gari ya cika da motoci masu lasifika, kowa na alkawarin sabuwar rayuwa. Babanki kuwa kin san shi da son sabon abu. Yana ƙaramin ma'aikacin gwamnati, ya ga murhun a gidan wani abokin aikinsa, bai sake samun sukuni ba sai da ya shigo da irinsa a bayan a-kori-kura: farin ƙarfe mai kai biyu, da tiyo, da silinda mai kama da ƙaton tulu. Ya sauke yana haki ya ce min, "Mulki ya canja, ke ma kin bar shan hayaƙi."

Na samo ƙyalle mai ado na lulluɓe shi, na ɗora fulas ɗin shayi a kai, na ci gaba da hura itacena a tsakar gida. Mako uku yana nan kamar baƙon da ba a san abin da za a ba shi ba.

Wadda ta cire min tsoro ita ce Maman Ngozi, maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kin san ta da furfura, ni na san ta tana matashiya, ma'aikaciyar jinya, Kirista, mutumiyar gabas, mai dariya da dukan jikinta. A garinsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, alfahari ne ma a wurinsu. Saboda haka tun ranar da muka tare, ta tambayi sunanki, ta haɗa shi da "Maman", shi ke nan ya zama sunana a bakinta. Duk sanda ta ƙwala min kira ta saman katanga sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na roƙe ta, na yi mata bayani, ta ce, "Haba! Ku kuka raɗa mata sunan, kuka yanka rago, sannan ku ce ba za ku kira ba? To wa kuka raɗa wa?" Ban taɓa amsa kiran nan ba, sai dai in yi gyaran murya ta san ina nan.

Ita ta shigo wata rana da hantsi, ta yaye ƙyallen, ta ce in zo in gani. Ta ƙyasta ashana, ta murɗa makunni da yatsa biyu. Sai ga wuta ta fito a zagaye, shuɗiya, 'yan ƙananan harsuna a jere kamar haƙoran mataji. Ba hayaƙi, ba toka, ba ƙara sai wani ɗan huci. Ni da na tashi ina hura wuta da baki tun ina shekara bakwai, idona na zubar da ruwa, zanina na warin ƙauri, sai kawai na sami kaina a durƙushe ina kallo. Ta murɗa, wutar ta yi ƙasa. Ta sake murɗawa, ta taso. Wuta tana jin magana! Na ce, "Subhanallahi, me take ci?" Ta nuna min silindar ta ce iska ce a ciki. Iska a cikin tulun ƙarfe, wadda aka zaƙulo daga ƙarƙashin ƙasa a can garuruwan bakin teku, ta taho har Tarauni ta dafa min ruwan koko. Wallahi har yau, duk safiyar da na kunna, sai na ɗan tsaya na kalle ta kafin in ɗora tukunya. Ku da kuka buɗe ido kuka gan ta ba za ku gane ba.

Amma abin da ke jin magana da sauri haka, yana jin kuskure ma da sauri, ni kuwa na yi kuskure iri-iri. Dukansu daga wuri ɗaya suka fito: na zo wa sabuwar wuta da tsohuwar ɗabi'a.

Washegari na ce zan kunna da kaina. A murhun itace, sai ka gama jera itacenka tsaf sannan ka tafi neman wuta, ko da a maƙwabta ne. Haka na yi. Na murɗa makunni, na ji hucin nan, na ce madalla, sannan na shiga ɗaki neman ashana. Na same ta a ƙarƙashin matashi, na dawo a nutse, na sunkuya kamar mai shirin hurawa, na ƙyasta. Abin da na ji kawai shi ne "bub!" Na tsinci kaina a zaune a bakin ƙofa, girata ta tafi, gashin gaban goshina ya naɗe. Babanki ya dawo daga ofis ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe, ya fita zaure. Ina jin sa yana dariya shi kaɗai. Wata biyu ina zana gira da kwalli. Saboda haka ki riƙe: ashana a hannu, a kunne, sannan ki murɗa. In ba ta kama ba, ki kashe, ki bari iska ta ɗauke, kada ki sa fuskarki a kai.

Na biyu shi ne son babbar wuta. Mu a wurinmu, in harshen wuta bai rungumi tukunya har wuya ba, ba a fara girki ba. Sai na riƙa murɗa makunni har ƙarshe, wuta na fitowa ta gefen tukunya tana lasar iska. Akwai wata 'yar tukunya mai baƙin mariƙi na roba da aka ba ni a kayan aure. Na ɗora ta a kan babban kai, na juya ina yanka albasa, na dawo na kama mariƙin. Ya narke, ya manne min a tafin hannu. In kin lura da wurin da ya yi santsi a ƙasan babban yatsana, shi ne. Maman Ngozi ta ɗaure min hannun tana faɗa: "Wutar da ta fito gefe ba girki take yi ba, ke take nema." Daga nan na koyi cewa ƙaramar tukunya a ƙaramin kai, babba a babban kai, wuta kuma ta tsaya a ƙarƙashi, kada ta leƙo.

Daga nan kuma na koyi zaɓen tukunya, domin har samira na taɓa ɗorawa, irin mai fenti ta jeren ɗaki, fentin ya riƙa tsattsagewa yana tsalle cikin miya. Idan kin je sayen tukunya, kada ƙyalli ya ruɗe ki. Ki ajiye ta a kan tebur ki taɓa bakinta da yatsa: in ta yi rawa, ki bar musu abarsu. Mazauninta ya zama shimfiɗaɗɗe, mai kauri. Ki ƙwanƙwasa ki ji. Mai ƙara kamar gwangwani za ta ƙone miki shinkafa a tsakiya alhali gefe bai dahu ba, sannan in ta sha wuta sai ta lotsa ta fara tangaɗi. Ki girgiza mariƙin da ƙarfi a gaban mai kayan, ko zai ɓata rai. Murfi kuma ya zauna daidai, domin ranar da mai ya kama wuta a kasko, murfin nan ne zai cece ki: ki kashe makunni, ki rufe, ki bar shi. Kada ki kusanto da ruwa ko cokali ɗaya. Tukwanen da ke cikin kayanki duk na yi musu wannan jarrabawar ɗaya bayan ɗaya a kasuwa, har mai shagon ya ce, "Hajiya, tukunya kike saye ko miji kike zaɓa mata?"

Na ukun ya fi ban tsoro. Babbar Sallah ta zo, na ce bana ba zan sha hayaƙin suyar nama ba. Na aro ƙaton kaskon da ake suyar biki da shi, na ɗora ya rufe kai biyun gaba ɗaya har ya yi saura, na kunna duka, ina jin kaina mai dabara. Ban san zafin da ya rasa hanyar tashi sama ƙasa yake komawa ba. Makunnan suka yi zafi har ba sa taɓuwa, tiyon da ke baya ya yi laushi. Sai na fara jin wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na kashe da tsumma, amma warin bai tafi ba. Babanki ya shigo da hannu duk jini, ya shinshina, ya ce, "Yoyo yake, bari in gano wurin." Ya laluba aljihu ya fito da ashana. Allah Ya sa warin ya riga ya tsallaka katanga. Maman Ngozi ta shigo a guje, ba ko sallama, ta doke ashanar daga hannunsa, a gaban idona, mijina, ranar Sallah! Ta ce, "Malam, ka gaji da duniya ne?" Ta rufe kan silinda, ta buɗe taga da ƙofa, ta hana kowa taɓa makunnin lantarki. Da iska ta wuce, ta kaɗa kumfar sabulu ta shafa a jikin tiyo, sai ga wani wuri yana hura ƙwai-ƙwai. Babanki bai sake maganar ba har yau, amma kin ga duk sanda aka kawo sabuwar silinda shi ke fara neman sabulu. Tukunyar taro ta tsakar gida ce, a kan itace ko gawayi. Kada ki ɗora wa murhunki abin da ya fi shi faɗi, ko wa ya zo.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Innata ta ba ni tukunyar ƙasa ranar da aka kai ni ɗaki, ita ma a wurin tata uwar ta samu. Baƙa ce sul, ta sha miya har ta yi sheƙi, mazauninta a zagaye kamar ƙwarya, domin an gina ta ne ta zauna a tsakanin duwatsu uku. Miyar kukar da aka yi a cikinta daban take, wannan ba ƙarya ba ne, Goggo Mairo gaskiya ta faɗa.

Damina ce, kin shiga shekara ta biyu, kin fara tafiya kina taɓa duk abin da ido ya gani. Kakarki Hajiya Babba, mahaifiyar Babanki, Allah Ya jiƙanta, ta aiko daga cikin gari cewa za ta zo wuni da ƙawayenta biyu, kuma miyar kuka take so, ta tukunyar ƙasa, ba ta wannan ƙarfen na zamani ba. An kwana biyu ana ruwa, itacena ya jiƙe sharkaf. Na tsaya ina kallon tukunyar, ina kallon murhun gas. Na gwada ɗora ta, ta karkace. Sai dabara ta zo min. Na fita tsakar gida na tsinto duwatsu uku daidai wa daida, na wanke su, na jera su a kan murhun gas, kewaye da kan wutar, na ɗora tukunyar a kai. Ta zauna daram. Na ji daɗi ƙwarai, har na ce a raina sai na nuna wa Maman Ngozi, yau ni ma na koya mata wani abu. Murhun kuwa a kan ɗan gajeren benci yake, domin na saba girki a zaune, tsayinsa bai wuce ƙirjinki ba.

Ban san cewa wutar itace a hankali take ɗumama tukunya ta ko'ina ba, ita kuwa shuɗiyar nan wuri ɗaya take duka, da ƙarfi, nan take. Ban kuma yi tunanin dutse a kan ƙarfe mai santsi ba kamar dutse a cikin toka ba ne. Miya ta tafasa, na kaɗa kuka, na bar maburgin a ciki, dogon hannunsa ya leƙo waje. Sai na ji sallamar baƙi.

Suna zaune a tabarma a rumfa, ina durƙushe a gabansu kaina a ƙasa ina gaisuwa, kin san gaisuwar tsofaffi ba ta ƙarewa. Ta gefen ido na hango ki. Kin sauka daga cinyar ɗaya daga cikinsu, kina tafe kina tangaɗi, kin nufi ƙofar kicin, hannunki a miƙe wajen maburgin nan. A daidai lokacin na ji tukunyar ta ce "ƙas".

Na gan ki sarai. Ina so ki san wannan. Tsakanina da ke bai fi taku shida ba. Sunanki ya taho har bakina, sai na tuna wadda ke zaune a gabana. Surukata ce, da ƙawayenta, ni kuwa yarinya ce da ake yabo da kunya. Na haɗiye shi. Na ce, "Ke! Ke!" A gidan da mata biyar suke, wace ce "ke"? Tsofaffin suka waiga suna duban juna. Ke kuwa ko gezau, domin ba ki san da ke nake ba. Kin kama maburgin.

Maman Ngozi ta shigo gaishe da baƙi ke nan, tana bakin zaure, ta fi ni nisa sau biyu. Ta ƙwala kiran sunanki da dukan muryarta. Sai kika juyo. Kika juyo da fuskarki gaba ɗaya, kina murmushi, domin kin san muryar, kin kuma san sunan. A cikin wannan juyowar dutse ɗaya ya zame, tukunyar ta rabe biyu, miyar ta kwararo ta wuce ta inda fuskarki take a da, ta sami hannunki na hagu kawai.

Shekara ashirin ina juya wannan a raina, ban daina jin tsigar jikina na tashi ba. Tsakanin fuskar da mai lalle ta yi wa kwalliya jiya da wata fuskar daban, ba komai sai juyowar wuyan yarinya. Ikon Allah ya wuce tunanina. Ya tsare miki idanunki da bakin wata baiwarSa da ta zo daga wata ƙasa mai nisa, alhali uwar da ta haife ki tana durƙushe taku shida daga gare ki.

Abin da ya biyo baya ma ki sani, don zai yi miki amfani. Tsofaffin suka rufu a kanki, wannan na cewa a fasa ƙwai, waccan na cewa gishiri, Hajiya Babba na neman manja. Maman Ngozi ta fizge ki, ta kashe murhun da hannu ɗaya, ta kai ki bakin famfo ta sakar miki ruwa a hannun. Ta riƙe ki a nan kina tsala ihu, tsawon lokacin da za a dafa shinkafa. Hajiya Babba ta ce, "Baiwar Allah, ruwa ai tashi zai sa ya yi!" Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki zage ni gobe." Sannan ta lulluɓe wurin da tsaftataccen ƙyalle, ta goya ki, muka tafi asibiti. Likita ya ce ruwan nan ne ya hana ƙunar shiga ciki. Ƙuna ba ta son komai sai ruwa mai sanyi mai gudu, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba abin da maƙwabta za su kawo ba, sannan asibiti.

Da muka dawo, na ji Hajiya Babba tana gaya wa Babanki a rumfa: "Tsautsayi ne, tsohuwar tukunya ce. Amma matarka 'yar mutunci ce, ka ga duk tashin hankalin nan ko sunan yarinyar ba ta kama ba." Yabo take yi min, da zuciya ɗaya. Ba a taɓa zagina da abin da ya yi min ciwo kamar yabon nan ba. Duwatsun kuwa na riga na kwashe su na jefa bayan katanga kafin kowa ya lura. Mutum ɗaya ce ta gan su. Washegari ta zo duba hannunki, ta ɗora min ɗaya daga cikinsu a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai, ta ce, "Ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ki kira ta. Ko a ɗaki ne, ki kira ta, ta san muryarki da sunanta." Na ce to. Ta cika nata alkawarin, shekara ashirin. Ni ban cika nawa ba. Dutsen yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa.

A makon da abin ya faru Babanki ya kira kafinta ya yi wa murhun dogon tebur. Tun daga ranar nake juya mariƙin kowace tukunya ya kalli bango, ba na barin ludayi ko muciya a ciki, ba na girki da mayafi yana reto. Kin sha yi min tsiya kan haka, ke da ƙannenki, kuna cewa Yaya ta mai da kicin barikin soja. Yanzu kin san dalili. Na kuma san kin lura ban taɓa barin ki ke kaɗai a gaban wuta ba sai da kika gama sakandare, kina ganin ƙannenki mata suna girki tun suna firamare. Kin ɗauka raina ki na yi. Tsoro ne, da kunyar abin da na aikata.

Tukunyar Goggo Mairo taki ce, ban hana ki ba. Na aika an sayo miki kurfoti da buhun gawayi, na haɗa su wuri ɗaya, suna bayan ƙofar ɗakina. In kin yi marmarin miyar tukunyar ƙasa, ki fitar da su tsakar gida, ki fara da wuta kaɗan, ki bar ta ta ɗumama a hankali. Amma kada ta hau gas, ko da surukarki ce ta zo da ƙawayenta goma, ko da an shekara ana ruwa. Ki ce musu uwarki ce ta hana. In suna son ƙarin bayani, ki nuna musu hannunki.

Ga shi bana sojoji sun sake miƙa mulki, motoci masu lasifika sun sake cika titi, Babanki ya sake cewa komai zai canja. Ni ban san na gwamnati ba. Nawa ɗan canjin da zan iya shi ne wannan. Idan Allah Ya ba ki haihuwa, ki girmama manya, ki yi kunya inda kunya ke da kyau, ba na ce ki zubar da al'ada ba. Amma ɗan farinki ki kira sunansa. Ki kira shi da safe, ki kira shi a gaban kowa, har ya zama ko cikin barci ya ji muryarki zai juyo. Kafin a kai ki kuma, ki bi ta Tarauni ki gaishe da Maman Ngozi. Gwiwa ta hana ta fita sosai yanzu. Ki durƙusa mata kamar yadda za ki durƙusa min, ki bar ta ta kalli fuskarki da kyau.

Yau da safe, da na ɗora ruwan shayi, ba kowa a kicin sai ni da shuɗiyar wutar nan, na gwada faɗa a hankali. Muryata ta yi rawa kamar ta mai koyon karatu, amma ya fito. Ashe suna ne mai daɗi a baki, shekara ashirin da ɗaya na hana kaina.

Hindatu.

Hindatu, ki yafe min. Hindatu, Allah Ya yi miki albarka, Ya sanya alheri a ɗakinki da tukunyarki, Ya sa wutar gidanki ta zama ta girki kawai har ƙarshen rayuwarki. Allah Ya tsare shigarki da fitarki, Ya tsare mijinki da zuriyar da za ki samu, Ya haɗa ki da maƙwabta irin wadda Ya haɗa ni da ita. Ranar Asabar, idan an fito da ke a lulluɓe, mata sun cika tsakar gida, in kin ji wata murya da kika sani ta kira ki daga baya, kada ki yi mamaki. Ki juyo kawai.

Wassalam.

Ni ce,
Maman Hindatu.